Ɗanyen Hoto da Manhajar Wanke Shi

Duk kyamarar dijital, babba ko ta cikin waya, da ƙirga haske take fara aikinta. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, mai ɗauke da miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana auna yawan hasken da ya faɗa masa a ɗan lokacin da aka danna maɓalli. Waɗannan gurabe ba su san launi ba, yawa da ƙarancin haske kawai suka sani. Don haka yawanci ake lulluɓe su da wata matata mai launi uku, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙira, aka yi mata rajista a Amurka a 1976. A cikin kowane gurbi huɗu, biyu kore suke gani, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi kama kore. Lambobin da sensa ta tattara a wannan hali, kafin a taɓa su, su ne ɗanyen fayil da masu sana'ar ke kira RAW.

Ɗanyen fayil ba ya kalluwa sai an sarrafa shi. Tunda kowane ɗigo launi ɗaya ya sani cikin uku, dole a kintato sauran biyun daga maƙwabtansa. Bayan haka a tsayar da abin da za a ɗauka a matsayin fari, a juya launukan sensa zuwa launukan da allo da takarda suka fahimta, a raba haske tsakanin inuwa da sarari yadda ido zai karɓa, a rage yashi-yashin da ƙarancin haske ke jawowa, a gyara karkatar da gilashi ke yi wa gefen hoto, sannan a ƙara kaifi. Wannan jerin aiki shi ne wankin hoto a zamanin dijital, kuma wuri biyu ake yin sa. Ko dai kyamara ta yi shi da kanta cikin ƙiftawar ido, ta ba da gamammen hoto da ake kira JPEG ta zubar da sauran bayanan, ko kuma a ajiye ɗanyen a kai shi kwamfuta, wata manhaja ta yi aikin a ƙarƙashin idon mai hoto. Ɗanyen fayil tamkar gero ne a rumbu, ana iya yin fura da shi yau, gobe kunu, jibi tuwo, JPEG kuwa furar da aka dama ce, ba ta komawa gero.

Bambancin yana da lissafi. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana ba kowane launi matakan haske 256 daga baƙi zuwa fari. Ɗanyen fayil na yawancin kyamarori yana riƙe matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon ƙirar kyamarar. Idan hoto ya fito daidai tun daga kyamara, ido ba zai ga wannan tazara ba. Sai an zo ɗaga inuwa ko sauke haske take bayyana: JPEG ya fara tsattsagewa, sararin sama ya yi layi-layi, fuska ta yi dabbare-dabbare, ɗanyen kuwa ya jure.

A Sundimina da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, wahalar mai hoto ta fi yawa a wurin ɗaurin aure. Yawanci da rana tsaka ake yi, a ƙofar gida ko harabar masallaci, ango da abokansa cikin farar shadda mai ƙyalli, fuskokinsu baƙaƙe, hula ta ƙara jefa inuwa a goshi. Na'urar auna haske ta kyamara tana neman tsaka-tsaki ne. In ta bi shadda, fuskoki su nutse. In ta bi fuskoki, shadda ta ƙone fari fat, aikin zaren da aka kashe wa kuɗi a wuya da aljihu ya ɓace. Wanda ya ɗauka a ɗanye yana da mafita. Sai ya auna hasken yadda shadda ba za ta ƙone ba, ko da fuskoki sun ɗan yi duhu, in ya zauna gaban kwamfuta ya ɗago inuwar a hankali. Har farin da ya ga kamar ya tafi a allon kyamara, sau da yawa manhaja na iya dawo da wani abu daga cikinsa, domin launukan uku ba lokaci ɗaya suke cika ba. Amma in duka ukun suka cika maƙil, babu manhajar da za ta dawo da abin da sensa ba ta rubuta ba. Haka nan hoton da hannu ya girgiza, ko wanda saitin gilashi ya kauce wa fuska, ɗanyen fayil ba ya ceton sa.

Da daddare matsalar ta koma ta launi. A wurin kamu ko walima akan tarar da ƙwan sola mai fari-shuɗi a wannan kusurwa, ƙwan janareta mai ɗorawa a waccan, ga tocilan wayoyi, ga filashin kyamara. Kowane haske da launinsa, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelvin: harshen kyandir wajen 1,900, tsohon ƙwan lantarki mai zare wajen 2,700, rana tsaka wajen 5,500, inuwa kuma 7,000 ko sama. Ƙwaƙwalwar mutum tana gyara wannan ba tare da ya sani ba, kyamara kuwa kintace take yi, kuma takan kuskure. A JPEG kuskuren ya riga ya shiga jikin hoton. A ɗanyen fayil kuwa, daidaiton fari wata 'yar shawara ce da kyamara ta rubuta a gefe, ana canza ta bayan mako ko bayan shekara ba a rasa komai. Lokacin hunturu ma haka ne, sa'ad da hazo ke dusashe komai ya shafa masa ruwan ƙasa. Sauƙin dawo da zurfin hoton yana ga wanda ke da ɗanyen.

Batun fata ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne amfanin manhajar ya fi girma, nan ne kuma aka fi ɓata ta. Tun zamanin fim ba a gina ma'aunin launi a kan baƙar fata ba. Daga shekarun 1950 Kodak na aika wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake saita injin buga hoto, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanonin waya sun farga daga baya. Tecno ya yi suna a Afirka da saita kyamarorinsa don baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarin Real Tone a 2021. Mai wanke ɗanyen fayil ba ya jiran alfarmar kowane kamfani, shi ke yanke yadda fata za ta fito. Abin takaici shi ne yadda wasu ke amfani da wannan dama su wanke amarya har ta koma wata daban, baƙa ta zama fara sol, fuska sumul ba ko ƙofar gashi, hannun da ke riƙe da mayafi kuma launinsa dabam. Gaskiya ne abokan ciniki da yawa su ke neman a haska su, kuma mai sana'a da cikinsa yake aiki. Duk da haka akwai tazara tsakanin ɗaga inuwar da ta rufe fuska da sauya wa mutum halitta. Hoton aure na 'ya'ya da jikoki ne, kuma haƙƙinsu ne su ga uwarsu yadda Allah ya yi ta. Baƙar fata da wankan tarwaɗa in an ba su haske daidai, aka bar musu jansu da sheƙinsu, ba sa bukatar wani ƙari.

Kowane kamfanin kyamara da irin ɗanyen fayil ɗinsa. Canon na da CR2, sannan CR3 daga 2018. Nikon na da NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, Panasonic RW2. Ba su cika bayyana sirrin ginin waɗannan fayiloli ba, kuma kusan kowace sabuwar kyamara takan zo da ɗan canji. Wannan ne ya haifar da manhajoji iri uku.

Na farko su ne na masu ƙera kyamarar, irin su Digital Photo Professional na Canon, da NX Studio na Nikon, da Imaging Edge na Sony. Kyauta ne ga mai kyamarar, kuma suna da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Hoton da ake gani a bayan kyamara bayan an ɗauka wani ɗan JPEG ne da ta cusa cikin ɗanyen fayil, da duk adon launin da aka saita mata. Shi ya sa sabon shiga kan firgita in ya buɗe fayil a wata manhaja ya ga hoton ya dusashe, ya zaci lalacewa ya yi. Manhajar kamfanin tana karanta wannan saiti, ta fara daga inda kyamara ta tsaya. Aibinsu shi ne nauyin tafiya, kuma kowacce kyamarar gidansu kawai ta sani.

Na biyu su ne na kasuwa. Adobe ya fito da Camera Raw a 2003, aikin Thomas Knoll, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka ƙirƙiro Photoshop, sannan Lightroom a 2007, wanda ya haɗa wanki da tsara dubban hotuna wuri guda. Capture One ya fito daga Denmak, kuma masu sutudiyo na yaba shi wajen launi da ɗauka kai tsaye zuwa kwamfuta. DxO na Faransa ya shahara da gyaran karkatar gilashi da share yashi-yashi. Ƙarfin waɗannan manhajoji ba abin musu ba ne, musamman wajen aiki mai yawa, inda ake gyara hoto ɗaya a kwafa gyaran zuwa ɗari da aka ɗauka a haske iri ɗaya. Matsalarsu kuɗi ce. Tun 2013 Adobe ya karkata zuwa biyan wata-wata, kuma Lightroom 6 na 2015 shi ne na ƙarshe da aka sayar a biya sau ɗaya. Ga wanda ke karɓar ladansa da naira, kuɗin da ke bin dala kowane wata nauyi ne, ballantana tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Shi ya sa kwafin sata ya yawaita a kwamfutocin masu hoto. Ban da cin haƙƙin da ke ciki, irin wannan kwafi yakan shigo da cutar kwamfuta, kuma ba ya sabuntuwa. Ran da mai shi ya sayi kyamara mai CR3, tsohuwar manhajar za ta ce ba ta san fayil ɗin ba.

Na uku su ne na kyauta waɗanda kowa ke iya duba gininsu, kuma su ne ba a san su sosai ba a wannan yanki alhali su suka fi dacewa da aljihun mutanensa. Tushensu wata ƙaramar manhaja ce, dcraw, wadda Dave Coffin ya fara a 1997, ya yi shekara ashirin yana warware sirrin fayilolin ɗaruruwan kyamarori. A kan wannan aiki aka gina LibRaw, wanda manhajoji da yawa ke dogara da shi. RawTherapee ya faro daga Gábor Horváth a Hangari, aka buɗe shi ga kowa a 2010, darktable kuma Johannes Hanika ya fara shi a 2009. Dukansu suna aiki a Windows da Mac da Linux, ba rajista, ba biyan wata, ba sa neman intanet bayan an sauke su. Mutum ɗaya ya sauke a Dutse ko Birnin Kudu, ya raba wa abokan sana'a goma a filashi, kuma halal ne, lasisinsu ya yarda da haka. Ingancin abin da suke fitarwa bai gaza na kuɗi ba a yawancin aiki. Inda suke ba da wuya shi ne koyo, don maɓallansu sun yi yawa, kuma kusan duk darussansu da Turanci ne.

Waya ma ta shigo fagen. Android ya buɗe ƙofar ɗaukar ɗanyen hoto a 2014, iPhone a 2016, ko da yake ba kowace waya ke bayar da damar ba, ƙananan wayoyi da yawa ba su da ita. Snapseed da Lightroom na waya suna wanke ɗanyen fayil na tsarin DNG. Sai dai sensar waya ƙarama ce, kuma kyan hotonta ya dogara ne da haɗa hotuna da yawa da take yi a ɓoye, don haka ɗanyen hoton waya sau da yawa yakan fi wanda ta gama da kanta muni, sai an sha aiki a kansa.

Tsarin aikin kansa ba shi da sarƙaƙiya. A kwashe kati zuwa kwamfuta, a yi kwafi na biyu kafin a goge komai. A tace, a ware na kirki, domin ɓata lokaci ne gyara hoton da ba za a bayar ba. A fara da daidaita fari, sai yawan haske, sai inuwa da sarari, sai launi, a bar kaifi da share yashi-yashi zuwa ƙarshe. Duk wannan gyara ba ya taɓa ɗanyen fayil. Manhaja tana rubuta umarnin ne a kundinta ko a wani ɗan fayil na rakiya, XMP ko makamancinsa, wanda in ya ɓata gyaran ya tafi amma asalin na nan. Daga nan a fitar da JPEG. Wanda za a kai wurin bugu a fitar da shi a tsarin launi na sRGB, wanda yawancin injinan bugu da wayoyi suka sani, in ba haka ba jan atamfa ya fito a koɗe. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 ɗigo 1,200 da 1,800 ya ishe shi. Wanda za a tura ta WhatsApp don bugawa a tura shi a matsayin takarda, domin in aka tura shi a matsayin hoto manhajar na matse shi. Allon kwamfuta kuma a rage masa haske, saboda allo mai ƙyalli shi ke sa a buga hoto ya fito da duhu.

Akwai farashin da ake biya ko da manhajar kyauta ce. Ɗanyen fayil na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, ninki uku ko fiye na JPEG ɗinsa, don haka kati na saurin cika, rumbun kwamfuta ma haka. Tsohuwar kwamfutar hannu mai ƙaramar ƙwaƙwalwa tana rarrafe da shi, sabbin dabarun share yashi-yashi masu aiki da ƙirƙirarriyar basira kuwa sai kwamfuta mai ƙarfi. Ga wuta, wadda a ƙauyuka da yawa sai an haɗa da sola ko janareta. Ga lokaci, wanda shi ne jarin mai sana'a. Saboda haka ba kowane aiki ya cancanci ɗanyen fayil ba. Hoton fasfo na makaranta ko na neman aiki, da hoton sha yanzu magani yanzu da ake bugawa a wurin biki kafin baƙi su watse, JPEG ya wadatar da su, kuma wanda ya iya auna haske tun a kyamara ya fi wanda ya dogara da gyara. Ko kamfanin dillancin labarai na Reuters, a 2015, ya umarci masu yi masa aikin hoto daga waje su riƙa aiko da JPEG na asali daga kyamara, don sauri da kuma rage yawan taɓa hoto. Hanya mafi dacewa ga mai hoton biki ita ce ya saita kyamara ta ajiye duka biyun lokaci ɗaya, ya sallami jama'a da JPEG, ya koma ga ɗanyen don hotunan da za su shiga albam ko firam. Ko tsofaffin kyamarori irin Canon 600D da Nikon D3100, waɗanda ake samu na hannu a Kano, suna da wannan saiti.

A wani fagen kuma ɗanyen fayil ya wuce zaɓi, ya zama wajibi, kuma ƙasar Birnin Kudu na da babban misalinsa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen mutanen da, mafi yawa na shanu, waɗanda masanin binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗan da ke wurin, kuma suna cikin wuraren tarihi da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke karewa. Launin irin waɗannan zane-zane yana dusashewa da rana da ruwa da hayaƙi da hannun mutane, har wani ya kusa sajewa da jikin dutsen. Tazarar da ke tsakanin jan zane da jan dutse kan zama 'yar ƙarama ƙwarai, irin wadda matsewar JPEG ke sharewa a matsayin abin da ido ba zai lura da shi ba. Masu binciken zanen duwatsu suna amfani da wata manhaja, DStretch, wadda Jon Harman ya fito da ita a 2005, tana buɗa wannan 'yar tazara har siffar da ta ɓuya ta fito. Iyakar abin da ta samu a fayil shi take buɗawa, shi ya sa hoton da aka fitar daga ɗanye ba tare da matsewa ba ya fi ba ta abin aiki. Ɗalibi ko malami ko mai hoto na gari da zai ɗauki waɗannan duwatsu, ya ɗauka a ɗanye, a inuwa ko da sassafe, ya sa katin launi da ma'aunin tsawo a gefe, kada ya jiƙa zanen da ruwa ko ya bi shi da alli don ya fito, domin wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Haka hukuncin yake ga tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ke hannun iyalan malamai, da hawan sallah a masarautar Dutse, da duk abin da ba za a sake samun damar ɗaukarsa a yadda yake ba. Manhajojin wanki suna ƙara ƙwarewa, fayil ɗin da aka ɗauka yau zai ba da hoto mafi kyau in aka sake wanke shi nan gaba.

Ɗanyen fayil yana kuma zama shaida. Gasar World Press Photo tana neman asalin fayil daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe don a gwada da abin da suka gabatar, kuma a 2015 ta fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai wannan mataki saboda sun wuce gona da iri wajen gyara. A lokacin da hoton ƙarya ke yawo a wayoyi, ɗan jaridar da ya ɗauki ambaliya ko rikicin gona yana da abin nunawa in aka ƙaryata shi, haka mai hoton da wani ya ɗauke wa aiki ya sa sunansa.

Saura batun ajiya, wanda shi aka fi sakaci da shi. Manhaja na mutuwa: Apple ya fito da Aperture a 2005, ya daina sayar da shi a 2015, masu amfani da shi suka yi ta fama da kwashe aikin shekaru. Don rage irin wannan haɗari Adobe ya fito da DNG a 2004, tsarin ɗanyen fayil da aka wallafa gininsa ga kowa, tare da manhajar kyauta mai juya fayilolin kamfanoni zuwa gare shi. Wannan manhaja ita ce kuma mafitar wanda sabuwar kyamararsa ta fi tsohuwar manhajarsa zamani. Amma abin da ya fi cinye hotuna a wannan yanki ya fi haka sauƙi: kati ɗaya da ake gogewa bayan kowane biki, kwamfuta ɗaya da ƙura da zafi da tsallen wuta ke jira, waya ɗaya da za a iya sacewa a kasuwa. Masu hoton fim sun riƙa ajiye nagatif shekara da shekaru, mutum ya dawo a sake wanke masa hoton mahaifinsa da ya rasu. Mai hoton dijital da ke son ya riƙe wannan amana sai ya ajiye ɗanyen fayil na muhimman hotuna a rumbu biyu da ba ɗaki ɗaya suke kwana ba, da JPEG mai inganci a gefensa, ya rubuta wa kowace jaka kwanan wata da sunan gari da na taron.